Idan Hadari Ya Haɗo Yara Suna Hannunmu

Jawabi a taron reshen ƙungiyar malamai

 

Mun shigo tsakiyar damina, lokacin marka. Ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi, don haka duk ruwan da zai sauka yanzu ba shi da wurin shigewa, sai dai ya bi kan hanya. A irin wannan lokaci ne katangar ƙasa ke jiƙewa daga tushe ta kife, gaɓar rafi da gefen tudu su zaftare, kududdufin da aka haƙa don yin tubali ya cika ya batse. Hukumar hasashen yanayi, NiMet, takan yi gargaɗi a rediyo kafin ruwa mai ƙarfi ya sauka. Ya kamata mu riƙa saurarensa da kunnen basira.

A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye sassa da yawa na Maiduguri cikin dare. A ƙarshen watan Mayu na 2025, ruwan dare ɗaya ya ci rayuka fiye da 150 a Mokwa ta Jihar Neja. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne sa'ar da hadari ke haɗowa daga gabas yara suna aji. An saba a kaɗa ƙararrawa a ce su ruga gida kafin ruwa ya sauko. Amma yaron aji ɗaya ba ya tsere wa hadari. A hanya ruwan zai riske shi, a bakin kwalbati ko a mashigin rafi, inda ruwa mai gudu da bai kai gwiwa ba kan kayar da babba, balle ɗan shekara shida. Shawararmu ita ce mu riƙe su a ajin da ya fi ƙwari, nesa da tsohuwar katanga da gindin bishiya, mu kira suna daga rajista, kada kowa ya fita sai ruwa ya ɗauke, hanya ta tsane.

Wannan ba zai yiwu ba sai da yardar iyaye. Mu sanar da su ta ƙungiyar iyaye da malamai da kuma masu unguwanni, domin uwar da ba ta ga ɗanta a kan lokaci ba ta san yana hannunmu, kada ta fito nemansa cikin ruwa.

Muna kuma roƙon kowane shugaban makaranta ya zagaya da malamansa a wannan mako, a rubuta ajin da bangonsa ya tsage, da rufin da ya ɗage, da magudanar da shara ta toshe. Reshe ya tattara ya miƙa wa sakataren ilimi a rubuce, mu ajiye kwafi. Ajin da muka ga alamar zai faɗi, mu kwashe yara daga cikinsa tun yau.

Iyaye sun ba mu amanar 'ya'yansu da safe, hakkinmu ne mu mayar musu da su lafiya. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga sharrinta.