Cocin Ƙasa na Wusasa da Abin da Yake Koya Mana Game da Karaye da Rogo



Duk wanda ya ratsa karkarar Karaye da Rogo, can yammacin Jihar Kano, zai tarar a wasu unguwannin Maguzawa da ɗan gini mai gicciye a goshinsa. Masu shiga cikinsa Hausawa ne, da Hausa suke addu'a, da Hausa suke waƙa. Abin da nake so mu duba yau shi ne yadda irin wannan jama'a ta kafu a ƙauyukan ƙasar Hausa, da kuma abin da ginin ibadarsu yake faɗa wa mai nazarin tarihi. Kafin mu iso Karaye, tilas mu tsallaka iyaka zuwa ƙasar Zazzau, maƙwabciyar Rogo ta kudu, domin can ne labarin ya faro.

A shekarar 1900 ayarin 'yan Mishan na C.M.S. ƙarƙashin Bishop Tugwell ya iso Kano, Sarki Alu ya ce su koma inda suka fito. A cikin ayarin akwai wani likita, Walter Miller. Shi ne ya zauna a birnin Zariya a 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, ya buɗe makaranta da ɗakin magani a Durumin Maigarke. Shekaru suka shuɗe, mabiyansa ba su taka kara sun karya ba.

Jama'ar farko ta karkara daga wata hanya dabam ta fito. Tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi aka yi wani Malam Ibrahim, wanda ya ɗaukaka matsayin Annabi Isa a cikin karatunsa har malamai suka ga ya kauce, aka kashe shi a kasuwar Kano. Almajiransa suka watsu zuwa wajen Ningi da gabashin Zazzau, ana kiransu Isawa. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka sadu da Miller, suka karɓi Kiristanci, aka tara su a Gimi ta ƙasar Makarfi, tare da wani limamin coci baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, W. A. Thompson. Suka yi gonaki, suka gina makaranta da ɗakin ibada. Ba a jima ba ciwon barci ya faɗa wa garin, ya kashe mutane da yawa, waɗanda suka tsira suka koma Zariya. A 1929 aka fitar da Mishan daga cikin ganuwa zuwa Wusasa, a gindin duwatsu. Nan ragowar mutanen Gimi suka sami matsuguni.

To, yanzu sai mu dubi ginin. Cocin St. Bartholomew na Wusasa, wanda aka ɗora harsashinsa da wannan ƙaura a ƙarƙashin kulawar Guy Bullen, ba a yi shi da fasalin cocin Ingila ba. Maginan Hausa ne suka gina shi da ƙasa. Wanda ya san aikin magina ya san abin da wannan ke nufi: a kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta ruɓa, a mulmula tubali a shanya, a jera shi sahu-sahu, a kafa azara ta giginya wadda gara ba ta ci, a ɗaure ta hawa-hawa har ta tanƙwaro ta zama bakan gizo mai ɗaukar nauyin rufi. Wannan ita ce fasahar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ƙololuwa a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Ashe kuwa hannun da ya san ginin masallaci da zauren sarki shi ne ya gina cocin. Mai shiga cikinsa ba ya jin ya bar gida.

Wani abu kuma, ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da jama'a. Kowace shekara kafin damina sai an yi yaɓe, an gyara indararo, an toshe tsaga. Idan aka ga ginin ƙasa ya doshi shekara ɗari a tsaye, to shaida ce cewa masu shi ba su taɓa watsewa ba. Daga wannan ƙaramar jama'a aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da John Tafida wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. A makarantarta Farfesa Ishaya Audu ya yi karatu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A nan kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Mu komo ƙasar Kano. Alkawarin da Lugga ya yi wa sarakuna a 1903, cewa ba za a taɓa addininsu ba, ya sa Gwamnatin Turawa ta daɗe tana tsare 'yan Mishan daga ƙasashen sarakunan Musulmi. A shekarun 1930 aka sassauta, musamman saboda aikin kuturta. Ƙungiyar S.I.M. ta karɓi kula da mazaunin kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, sa'an nan ta buɗe tashoshi a karkara, har da Karaye. Littafi Mai Tsarki cikin Hausa ya riga ya fito a 1932, saboda haka mai bishara Bahaushe yana iya shiga unguwa da littafinsa ba tare da Bature ba. Mafi yawan waɗanda suka amsa Maguzawa ne, masu bautar iskoki ta gargajiya. A 1954 cocin da S.I.M. ta kafa suka haɗu suka zama E.C.W.A., ragama ta fara komawa hannun 'yan ƙasa.

Cocin ƙauye yakan faro ne daga inuwar itace, ya koma rumfar kara, ya zama ɗakin ƙasa mai jinka, daga baya a sa kwano, a ƙarshe a kawo bulo da siminti. Kowane mataki yana da labarinsa: wa ya ba da fili, me mai unguwa da hakimi suka ce, su wa suka yi gayyar kwaɓa ƙasa, da amfanin gonar wace shekara aka sayi kwano. Amsoshin nan suna bayyana zaman Maguzawa da maƙwabtansu Musulmi fiye da rahoton kowane Di'o. Amma a ƙwaƙwalwar tsofaffi suke, tsofaffin kuwa suna ta tafiya. Ginin ƙasar ma, da zarar an sami halin bulo, sai a rushe shi ba tare da an ɗauki ko hotonsa ba.

Saboda haka ina da roƙo guda biyu. Ku ɗalibai masu neman abin rubuta kundi, ku je Karaye da Rogo, ku gaida dattawa, ku zauna ku saurara, ku auna ginin, ku nemi littafin baftisma da na ɗaurin aure. Ku ma'aikata, in takardar fili ko ta rushe tsohon gini ta zo teburinku, masallaci ne ko coci ko zaure, ku tambayi shekarunsa kafin ku sa hannu. Tarihin Hausawa Kirista reshe ne na tarihin ƙasar Hausa, wanda bai san shi ba kuwa saninsa da saura. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

 Allah ya ba mu zaman lafiya.