Aikin Akanta A Wannan Zamani

Jawabin da Jami'in Watsa Labarai na Tarayya ya yi wa ɗalibai da iyayen yara da ma'aikatan baitulmali a Minna, Jihar Neja



An umurce ni in yi muku bayani a kan aikin akanta, da yadda yake sauyawa, da kuma hanyar da yaro zai bi ya shige shi. Ni dai ba akanta ba ne. Aikina fassara ne, watau in ɗauko maganar Gwamnati daga Turanci in kawo muku ita da harshen da kuke ji. To, a wajen wannan aiki na lura jama'a suna cuɗa sunaye uku wuri ɗaya, saboda haka bari mu fara rarrabe su. Akawu shi ne mai rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Akanta shi ne mai tattara wannan rubutu, ya daidaita shi, ya faɗi inda dukiya ta tsaya da inda ta dosa. Odita kuwa baƙo ne da ke zuwa daga waje ya bincika aikin su biyun, sa'an nan ya sa hannu cewa gaskiya ne, ko kuwa ya ƙi sa hannu.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Dattawan da ke nan suna tune da Baitulmalin En'e, da Ma'aji, da malaman haraji masu yawo ƙauye-ƙauye da littafin rasit lokacin haraji da jangali. An fara gwada tsarin baitulmalin a Katsina, kuma wajen 1911 aka shimfiɗa shi a sauran ƙasashen sarakunan Arewa, sa'ad da hedkwatar mulki take nan kusa da mu a Zungeru. A 1947 aka buɗe makarantar koyon aikin akawu a Zariya, wadda daga baya ta zama Makarantar Koyon Aikin Mulki ta Kongo, inda ma'aikatan En'e da yawa suka sami horo. Lissafin wancan lokaci kuwa ba wasa ba ne: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, duka da ka da alƙalami. Sai ran 1 ga Janairu 1973 aka kawo naira da kwabo, lissafi ya koma goma-goma, akawuna suka sami sauƙi.

Ta wajen ƙwararru kuwa, ɗan Nijeriya na farko da ya ci jarrabawar ƙwararrun akantoci a Ingila shi ne Akintola Williams, a 1949. Ya buɗe kamfaninsa a Legas a 1952, shi ne kuma shugaban farko na ƙungiyar ICAN wadda doka ta kafa a 1965. Ya rasu a 2023 yana da shekara 104. A Arewa mun makara ƙwarai. Marigayi Hamza Zayyad na Katsina yana cikin 'yan ƙalilan na farko da suka kai wannan matsayi, shi ne kuma aka ba shugabancin kwamitin sayar da kamfanonin Gwamnati a 1988. Ƙungiya ta biyu, watau ANAN, an kafa ta a 1979, ta sami amincewar doka a 1993. Abin da zai faranta muku rai shi ne, a 2025 aka rantsar da Malam Haruna Nma Yahaya, wanda ya kafa kamfanin akanta a nan Minna, a matsayin shugaban ICAN na 61. Saboda haka kada wani yaro a nan ya ce wannan aiki na mutanen Legas ne.

Yanzu sai mu zo kan abin da ya sauya, gama shi ne ainihin abin da ya tara mu. A cikin 'yan shekarun nan Gwamnatin Tarayya ta ɗauke yawancin lissafinta daga takarda ta mayar cikin kwamfuta. A 2007 aka fara biyan albashin ma'aikata ta tsarin IPPIS, wanda ke tura kuɗin kowa kai tsaye zuwa asusunsa na banki, don a rage ma'aikatan boge. A 2012 aka soma amfani da tsarin GIFMIS wajen kasafi da biyan kuɗi. A watan Satumba 2015 kuma aka tilasta wa ma'aikatu su rufe asusunsu barkatai da ke bankunan kasuwanci, su zuba kuɗin shiga cikin Asusun Bai-ɗaya a Babban Bankin Nijeriya. Har wa yau, daga 2016 aka sauya ƙa'idar rubuta lissafin Gwamnati. A da, abin da ya shiga hannu da abin da ya fita kaɗai ake rubutawa. Yanzu tilas a rubuta bashin da ake bin hukuma ko ba ta biya ba tukuna, a kuma rubuta kadarorinta, gine-gine da motoci da filaye, da darajar kowane. Wanda ya san yadda motocin hukuma kan ɓace lokacin sauyin mulki ya san amfanin wannan.

Iyaye da yawa sun tambaye ni, shin in na'ura ce ke yin lissafi, me ya rage wa ɗana? Tambaya ce mai kyau, ba kuma zan ɓoye muku ba: aikin tarawa da ɗebewa da kwafe lambobi daga wannan littafi zuwa wancan yana ƙarewa. Wanda iyakar iliminsa ke nan, lalle gurbinsa yana ƙuntata, musamman yanzu da ake da manhajoji masu karanta rasit su shigar da shi da kansu. Amma na'ura abin da aka ba ta shi take haɗiyewa. In an rubuta mata cewa an haƙa rijiyar burtsatse a wani ƙauye an biya kuɗi, za ta karɓa, lissafi kuma ya daidaita sarai. Ba za ta hau babur ta je ƙauyen ta ga ko akwai ruwa ba. Mutum ne zai je, mutum ne zai tambayi ɗan kwangila, mutum ne kuma zai sa hannu ya ɗauki alhakin abin da ya sa wa hannu. Na taɓa shiga ofishin kuɗi na wata hukuma, na tarar an cusa baucocin shekara uku cikin buhuna a bayan ƙofa, gara ta cinye rabinsu, alhali ga kwamfuta sabuwa fil a kan tebur an lulluɓe ta da ƙyalle. Ba injin aka rasa a wurin ba.

Abin da ya sa maganar ta matso kusa da mu shi ne hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ran 11 ga Yuli 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu daga Asusun Tarayya kai tsaye. Jihar Neja tana da 25 daga cikinsu, daga Chanchaga da Bosso har Borgu da Agwara. Duk yadda aka tsara biyan, kowace tana bukatar ma'aji da ya san aikinsa, da mai binciken cikin gida wanda ba ya jin tsoron ciyaman. Kuɗin nan su ne albashin malaman firamare, su ne maganin ɗakin shan magani, su ne kwalbatin da ruwa ya karya. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 125, ya ɗora wa Babban Odita na Jiha ya binciki asusun jiha ya miƙa rahotonsa ga Majalisar Dokoki cikin kwana 90 bayan ya karɓi lissafi daga Babban Akanta. Rahoton nan ba asiri ba ne. Na jama'a ne, amma sai da masu iya karanta shi.

'Yan kasuwa ma abin ya shafe su. A watan Yuni 2025 Shugaban Ƙasa ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, aka tsai da 1 ga Janairu 2026 ranar fara aiki da sabon tsarin harajin. A ciki an yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na abin da mutum ke samu a shekara, an kuma yi wa ƙananan kamfanoni rangwame. Amma ta yaya mai sayar da doya a Paiko, ko mai injin casar shinkafa a Bida, zai nuna cewa ya cancanci rangwame in ba ya da littafi? Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu lissafinsu a ka yake, kuɗin shago da kuɗin cefane aljihu ɗaya. In maigida ya rasu sai magada su rasa wa ake bi, wa ke bi. Banki ma ba ya ba da rance sai ya ga lissafi a rubuce. Ga aiki nan jingim yana jiran matasa, ba sai an jira takardar ɗaukar aiki daga Gwamnati ba.

To, yaya ake shiga? Matakin farko shi ne yaro ya ci darussa biyar a jarrabawar gama sakandare, ciki har da Turanci da Lissafi. A nan ne yaranmu da yawa suke faɗuwa, ina roƙon malamai su lura. Daga nan yana iya neman digiri a fannin akanta, kamar a Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida da ke Lapai, ko ya nemi difloma da babbar difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bida. Sai dai digiri kaɗai ba ya mai da mutum ƙwararren akanta. Tilas ya bi ta ɗaya daga cikin ƙungiyoyin nan biyu. Ta ICAN, zai zauna jarrabawa hawa uku, ya kuma yi aikin koyo a ƙarƙashin ƙwararre. Ta ANAN, mai digiri ko babbar difloma a fannin akanta zai tafi Kwalejin Akantoci ta Nijeriya da ke Kwall, kusa da Jos, sa'an nan ya yi shekara biyu yana aikin koyo.

Akwai kuma wata ƙofa wadda iyaye marasa ƙarfi ba su cika sani ba. Ita ce jarrabawar ATSWA, ta mataimakan akantoci na Afirka ta Yamma. Wanda ya gama sakandare da sakamakon da na ambata yana iya yin rajista ba tare da ya shiga jami'a ba. Kashi uku ce, yana iya karatu yana aikinsa, in ya gama kuma a ɗauke masa hawan farko na jarrabawar ICAN. Ma'aikatan baitulmali da suka daɗe a mataki ɗaya, wannan ƙofa taku ce ita ma.

'Yan mata kuwa, kada a bar ku a baya. Olutoyin Olakunri ta zama ƙwararriyar akanta tun 1963, ta shugabanci ICAN a 1994, kuma a 2023 aka naɗa Oluwatoyin Madein Babbar Akanta ta Tarayya, mace ta farko da ta riƙe wannan kujera. Aiki ne da mace za ta iya yi a ofis, ko daga ɗakinta ta riƙe wa shaguna huɗu ko biyar littafi.

Ko ta wace ƙofa ɗalibi ya shiga, ya haɗa da koyon kwamfuta tun yanzu, musamman manhajar jera lambobi irin su Excel, ya kuma fara gwada hannunsa da littafin shagon mahaifinsa ko na adashin mahaifiyarsa. Masu son sanin kuɗin rajista da ranakun jarrabawa su duba shafin ICAN ko na ANAN a intanet, gama waɗannan suna sauyawa shekara-shekara, kada kuma kowa ya ba wani ɗan tsakiya kuɗi da sunan zai yi masa rajista. Shugaban taro, in akwai masu tambaya, ga ni.