Haske da Duhu a Labaran Al'ajabi



Masana adabi sun kasa ƙagaggun labaran al'ajabi gida biyu: na ɗaukaka da na duhu. Mutane da yawa suna zaton yawan aljannu da zubar da jini ne ke raba su. Ba haka ba ne. Abin da ke raba su shi ne irin duniyar da marubuci ya gina, da kuma kuɗin da jarumi ke biya kafin ya ci nasara.

A labarin ɗaukaka, alheri da sharri a rarrabe suke, kuma gaskiya ke yin halinta. Misali shi ne littafin Tolkien na Ingila, *The Lord of the Rings*, wanda ya fito a 1954 da 1955. A Hausa kuwa, gasar rubutu ta 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya ta haifar da irinsa biyu. A *Ganɗoki* na Bello Kagara, jarumi ya ratsa ƙasar aljannu da takobinsa yana musuluntar da su. A *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam, Alhaji Imam ya sha wuya, amma ya komo gida da ruwan magani, ya sami girma.

Labarin duhu kuwa yana hana mai karatu wannan natsuwa. Jaruminsa na da tabo, nasararsa na tafe da asara. A wasan kwamfuta na *Dark Souls*, wanda aka fitar a Japan a 2011, mai wasa yakan mutu ya sake tashi cikin duniyar da wutarta ke neman mutuwa, kuma ko ya kai ƙarshe, duniyar ba ta gyaru ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A tatsuniyar Dodon ruwa, mace mai ciki ta shiga matsi a bakin rafi, ta yi wa Dodo alkawarin abin da za ta haifa, shi kuwa ya zo karɓar bashinsa ranar aure. Ko da an kashe Dodo daga baya, abin tsoron yana nan: uwa ce ta ɗaura cinikin. Yaron da ya tashi a fadamar Haɗeja, inda ruwan da ke kawo kifi da shinkafa shi ne ke cin gona da gida, ba ya bukatar a fassara masa wannan.

Tarihin Haɗeja ma na ɗauke da kayan ginin duka biyun. Sarki Muhammadu Mai Shahada, wanda ya tsaya wa Turawa har aka kashe shi a 1906, jarumin labarin ɗaukaka ne. Sunansa kaɗai ya nuna mutuwarsa ba asara ba ce. Sarki Buhari kuwa, wanda ya bijire wa Sakkwato, ya karya rundunarta a Kaffur a 1853, ya rasu wajen yaƙi a ƙasar Bade a 1863, sai labarin duhu ne zai iya ɗaukarsa, domin jaruntakar da ake yi wa kirari a gida ita ce maƙwabta ke tunawa da kuka.

Saboda haka ɗalibin da zai ɗauki alƙalami ya fara yanke shawara a kan duniyar da zai gina. In ya cusa Buhari a rigar Ganɗoki, ya zalunci waɗanda aka ci garuruwansu. In kuma ya hana Mai Shahada ladan tsayuwarsa, ya zalunci Haɗejawa.