Kundin Rubutunka Shi Ne Samfurinka

Wannan jawabi ne da mai duba azuzuwan yaƙi da jahilci ya yi wa ɗaliban da suka sauke karatu a garin Mada, cikin Ƙaramar Hukumar Gusau. Mun kawo muku shi domin sauran ɗalibai su amfana.



Allah ya ja zamanin Hakimi. Iyayenmu dagatai da masu unguwanni, ranku ya daɗe. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata da ku ɗalibai, barkanmu da ganin wannan rana. Baƙinmu da suka taso daga Tsafe da Bunguɗu, sannunku da hanya.

Yau za a miƙa wa kowane ɗalibi takardar shaida. Kun sha wahala kafin ku same ta. Wasunku daga gona suke wucowa aji da gajiya. Wasunku da goyo suke zuwa. Allah ya sa albarka.

To, amma akwai tambayar da kuka sha yi mini: "Malam, yanzu da na iya rubutu, wa zai ba ni aiki?" Ita nake so in amsa yau.

GANI YA KORI JI

Ku duba kasuwar nan tamu ta Mada. In mutum ya zo sayen wake, ba ya tsayawa ga yabon mai kaya. Hannu yake sawa cikin buhu ya ɗebo, ya duba ko da ƙwari, ko da tsakuwa. Tela yana rataye rigar da ya ɗinka a bakin shago. Maƙeri yana baje fartanya da lauje a gabansa. Kowa da samfurin da yake nunawa.

Mai rubutu fa, ina nasa samfurin? Takardar shaida tana cewa ka shiga aji ka fita. Amma mai ba da aiki yana son ya ga abin da hannunka ya iya. Don haka nake kira gare ku, kowa ya buɗe kundi. Kundi ba baƙo ba ne a wurinmu. Malamanmu na zaure sun daɗe suna tara rubuce-rubucensu wuri ɗaya suna adanawa. Kai ma ka tara mafi kyawun abin da ka rubuta, ka shirya shi, ka ajiye don ranar da za a nema.

Bari in ba ku misalin mutumin da kuka san sunansa. A shekarar 1933 Alhaji Abubakar Imam yana malamin Makarantar Midil ta Katsina, saurayi ne ɗan shekara 22. Sai Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin wani Bature Dokta Rupert East, ta sa gasar rubuta littattafan labari da Hausa. Imam ya rubuta Ruwan Bagaja ya aika. Rubutun ya burge East. A 1936 aka aro Imam zuwa Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce. Da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, shi aka ɗauka ya zama editanta na Hausa. Kun gani, rubutunsa ne ya riga shi isa Zariya, shi ya yi masa sallama.

Ba na ce kowa zai zama Imam ba. Amma hanyar ɗaya ce, ko aikin babba ne ko ƙarami.

AIKIN DA KE KUSA DA MU

Wani zai ce, ai aikin ofis sai mai digiri. To, ba aikin ofis kaɗai ne aikin rubutu ba. Ƙungiyar manoma tana bukatar magatakarda. Dillalin hatsi yana bukatar wanda zai riƙe masa lissafin buhuna. Mai sayar da taki da maganin feshi yana neman yaron shago da ya iya yanka rasit. Uwar adashi tana son mai rubuta sunaye da zubi. Kwamitin masallaci da ƙungiyar iyaye da malamai suna son mai rubuta rahoton taro. Ajin nan namu ma yana bukatar masu taimaka wa malami.

Na taɓa halartar wani zama inda wata ƙungiyar manoma ke neman magatakarda. Mutum biyu suka fito, dukansu ɗalibanmu ne. Na farko ya ce ya iya rubutu ƙwarai. Aka ce ya nuna, sai ya ce littafinsa yara sun yayyaga. Na biyu ya buɗe leda, ya fito da littafin da ya rubuta abin da ya kashe a gonarsa tun daga sharar gona har girbi. Dattawa suka yi ta miƙa wa juna suna dubawa. Ba a yi doguwar magana ba, aka ba shi aikin. Na farkon ba ƙarya ya yi ba, ya iya ɗin. Shaida ce ba shi da ita.

ME ZA KA SA A KUNDI?

Kafin ka fara, tambayi kanka irin aikin da kake nema. Mai neman aikin shago ya yawaita lissafi. Mai son zama magatakarda ya yawaita wasiƙa da rahoto. Ga abin da ya kamata a samu a ciki:

1. Shafin farko. Rubuta cikakken sunanka, da garinku, da ajin da ka gama, da shekarar da ka gama, da sana'arka. Kada ya wuce shafi ɗaya.

2. Wasiƙu biyu. Ɗaya ta zumunci, ɗaya ta neman wani abu daga hukuma, kamar roƙon gyaran famfon unguwa. Kowace ta zo da adireshi da kwanan wata da sa hannu.

3. Shafin lissafi. Ja layi da rula. Ware wurin kwanan wata, da sunan kaya, da abin da ya shigo, da abin da ya fita, da saura. Ka yi da lissafin gaskiya, na gonarka ko na sana'arka.

4. Rahoton taro ɗaya. Wa da wa suka zo, me aka tattauna, me aka yanke.

5. Labari ɗaya na abin da ka gani da idonka, kamar yadda damina ta kasance a ƙauyenku. In ka aiko wa wannan jarida aka buga, yanke wurin ka liƙa a kundi.

6. In ka iya ajami, sa shafi ɗaya. Akwai dattawa da 'yan kasuwa da yawa da ajami suka fi karantawa. Mai boko da ajami ya riƙe makami biyu.

7. Kwafin takardar shaidarka. Ta asali ta zauna a gida.

Kada ku cika kundi da tarkace. Takarda bakwai masu tsabta sun fi hamsin masu kura-kurai. Wadda ta fi kyau ita za a sa a gaba, domin mai aiki ba shi da lokacin karanta komai.

Ku kula da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Baki daban, baƙi daban. Kafa daban, ƙafa daban. Kuma mu Zamfarawa muna cewa "shi na" da "ita ta". Harshenmu ne, ba abin kunya ba ne. Amma a takardar neman aiki a rubuta "shi ne" da "ita ce", yadda Bakano da Bazazzagi za su karanta ba tuntuɓe. In ka gama rubutu, kai wa malaminka ya duba, sa'an nan ka sake kwafewa da biro a takarda mai tsabta.

ADANA SHI

Ni kaina na taɓa yin asara. Na ajiye takarduna a kwali a ƙasan gado, na yi wata huɗu ban duba ba. Da na buɗe, gara ta cinye rabi. Tun daga ranar nake sa takarda cikin fayil, in sa fayil cikin leda, in sa a akwatin ƙarfe nesa da ƙasa.

Akwai kuma abin da ya fi gara. Duk mun san halin rashin tsaro da ya addabi yankunan Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Mutane da yawa sun bar ƙauyukansu da dare, daga su sai kayan jikinsu. Wasu takardunsu sun ƙone. Saboda haka kada kundinka ya zama ɗaya tak. Yi fotokwafi ka ba ɗan'uwa amintacce da ke wani gari.

Wayar hannu ma ta kawo sauƙi. Shimfiɗa takarda a wuri mai haske, ka ɗauki hoton kowane shafi yadda zai karantu. In ba ka da babbar waya, ɗanka ko ƙanenka ya ɗauka maka. Ta haka, in mai shago a Gusau ko Kano ya ce yana son ganin rubutunka, sai a tura masa ta WhatsApp ba tare da ka biya kuɗin mota ba.

A YI HATTARA

Na farko, kada ka sa rubutun wani ka ce naka ne. Ranar da aka miƙa maka biro aka ce rubuta, asiri zai tonu.

Na biyu, kada ka tona asirin mutane. In ka rubuta wa maƙwabci wasiƙa, ko ka riƙe lissafin adashi, amana ce. Sai da izinin mai ita za ka nuna, kuma ka rufe sunaye.

Na uku, kada ka sa lambar BVN ko lambar sirrin katin banki a kundi, kada kuma ka tura wa wanda ba ka sani ba. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi kafin ya ba ka aiki, ka yi nesa da shi.

Iyayenmu mata, wannan magana har da ku. Mai ƙuli-ƙuli da mai man gyaɗa, lissafin cinikinku na mako samfuri ne. Magidanta kuma ku taimaka musu da littafi da biro.

Daga ƙarshe, Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka jira sai an yi shelar aiki sa'an nan ka shiga neman takarda. Daren yau kowa ya rubuta shafinsa na farko. Kowane wata a ƙara takarda ɗaya, a cire wadda aka fi ta kyau. In na dawo zagaye wata mai zuwa, in Allah ya yarda, kundi zan fara tambaya kafin gaisuwa ta yi nisa.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, ya sa karatunmu ya amfane mu. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.