Ƙanƙara a Babbar Na'urar Sanyi: A Duba Iska Kafin a Ƙara Gas

Yau maganarmu kan manyan na'urorin sanyin nan ne da ake girkawa a saman rufin bankuna, otal-otal da asibitoci, wato AC a bakin mutanen Najeriya, kilim kuma a Nijar da Kamaru da Chadi.

Sau da yawa sanyi zai ragu a ofis, ruwa na ɗiga daga silin. Mai gyara ya hau ya buɗe, sai ya tarar da bututan da ke sanyaya iska sun daskare fari fat. Wani ma cewa yake yi ai ƙarfin na'urar ne. To, ba ƙarfi ba ne, ciwo ne. Bututan nan ya kamata su zauna sama da digiri 0. Da sun sauka ƙasa, raɓar da ke kansu sai ta daskare, ƙanƙarar ta toshe hanyar iska, toshewar kuma ta ƙara ƙanƙara.

Abu na farko, a kashe kwampreso, a bar fanka tana juyi har ta narke. Don Allah kada a sa wuƙa ko sukundireba a ɓamɓare ta. Bututun jan ƙarfe ne siriri, huda ɗaya gas ya tafi. Kuma duk awon da aka yi da ƙanƙara a kai, ƙarya zai faɗa.

Idan ta narke, a kashe wuta gaba ɗaya, a bi hanyar iska. Filta ta cika da ƙurar hunturu? Bel ɗin fanka ya saki ko ya tsinke? Datti ya liƙe tsakanin haƙoran bututan? An rurrufe ƙofofin iska a ɗakuna? Ga wata da ake mantawa: a na'ura mai layin wuta uku, in aka sauya wayoyi wajen haɗa janareta, fanka kan juya da baya. Za ka ji ƙararta, amma iskar kaɗan ce.

Sai iska ta tabbata lafiya za a ɗaura geji. A R-22, matsin ɓangaren tsotsa in ya sauka ƙasa da kusan psi 58, an shiga yankin daskarewa. A R-410A kuwa kusan psi 101 ne. Amma malam, matsi ya yi ƙasa ba lallai gas ne ya ragu ba. Ƙarancin iska na jawo haka, toshewar diraya ko bawul ɗin da ke sakin gas ma haka. Wanda ya ɗura gas alhali filta ce ta toshe, ya bar jaki yana dukan taiki. Gas ɗin zai koma kwampreso yana ruwa-ruwa, kuma kwampreso tururi aka yi shi ya matsa, ba ruwa ba. Nan ne babbar asara take.

In da gaske gas ya ragu, to akwai yoyo, domin gas ba ya ƙarewa kamar fetur. A nemi tabon mai a mahaɗa, a shafa kumfar sabulu, a like wurin kafin a ɗura. Kada kuma a gauraya gas iri biyu.

Sannan a daren hunturu, in waje ya yi sanyi aka bar na'ura tana aiki, matsi kan faɗi ta daskare ko da lafiyarta ƙalau.

Masu gine-gine, lokacin ƙura ku sa a riƙa duba filta a kai a kai, kuɗinta bai kama ƙafar na kwampreso ba. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.