Tausa Da Amfaninta Ga Naƙasassu

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni dama in ɗan yi tsokaci a kan tausa. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ba likita ba, amma batun ya shafi kusan kowane gida.

A ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar shan inna, bayan da aka ga ta ƙarshe a Jihar Borno a 2016. Wannan abin farin ciki ne. To amma waɗanda cutar ta riga ta shanye wa ƙafafu suna nan tare da mu. Ga kuma masu shanyewar ɓarin jiki sakamakon hawan jini, da waɗanda hatsarin mota ya taɓa wa laka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya suna fama da naƙasa mai tsanani.

Jama'a, tausa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ungozoma tana yi wa jariri, ɗa yana yi wa mahaifinsa in ya dawo daga gona. Sai dai ya kamata mu san iyakarta. Tausa ba ta farfaɗo da jijiyar da ta mutu, duk wanda ya ce zai tayar da gurgu da ita, kuɗinku yake nema. Abin da take yi shi ne ta sassauta tsokar da ta ɗaure, ta rage ciwo, ta taimaka wa mutum ya sami barci. Mai tafiya da sanduna ko mai tuƙa keken hannu, kafaɗunsa ne suke ɗaukar aikin ƙafafunsa, don haka su suka fi buƙatarta. Wanda ya daɗe a kwance kuwa yakan yi fama da taurin bayan gida, kuma shafa ciki a hankali yana taimakawa: a fara daga ƙasa ta hannun dama, a hau sama, a ƙetara, a sauko ta hagu. Idan aka haɗa tausa da lanƙwasa gaɓoɓi da miƙe su kowace rana, ana taimaka wa gaɓa kada ta ƙage. Kayan aikin ba su wuce hannu mai tsabta da ɗan man kaɗe ba.

Akwai kuma inda tausa take zama illa. Kada a yi ta a kan rauni ko karaya, ko lokacin zazzaɓi. Idan sha-raɓa ta kumbura ta yi zafi, a cire hannu a nufi asibiti, domin yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya, tausa kuwa na iya tura shi zuwa huhu. Kada a murza fatar da ta yi ja ko ta canza launi a kan ƙashi saboda kwanciya; maganinta shi ne a riƙa juya majinyaci kamar bayan kowace awa 2. Kada kuma a ja hannun da ya shanye, kafaɗa tana iya gocewa.

Saboda haka a fara ganin likitocin gashi, irin na Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, su nuna wa iyali yadda ake yi.

A watan Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Doka ta yi nata, saura namu. Shawarata ga wannan ƙungiya ita ce mu ware wani abu daga asusunmu, mu gayyaci likitan gashi sau ɗaya a kowane zangon karatu, ya koyar da iyaye da masu jinya a ɗakin taron makarantarmu. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.