Jawabin akawun ƙungiya a taron cikar shekara: maganar matakala



Lissafin kuɗi yana shafin baya, kowa zai duba. Mu da ke riƙe da littafin halartar taro, akwai abin da muka gani wanda bai shiga lissafi ba.

Tun da muka mai da ofis saman bene, sunayen dattawa suka fara raguwa a littafin. Ba rasuwa suka yi ba, Allah ya ƙara musu lafiya. Da farko mun ɗauka fushi ne, ko kuɗin wata ya yi nauyi. Sai da muka bi su gida-gida a Choggu da Kanvili muka ji dalili: matakala ce. Wata uwarmu da ta tsufa tana sauke albasar Galmi ta ce gwiwa ta ƙi. Wani babanmu da ya yi haɗari a hanya, yanzu yana kan keken guragu, sau ɗaya ya zo. Samari suka ɗauke shi cak kamar buhun masara, jama'a na kallo. Bai sake dawowa ba, kuma ba mu ga laifinsa ba.

Ku duba fa. Mutanen da suka yi shekaru suna cin kusan kilomita 200 zuwa Paga, su tsallaka Dakola, su yi fama da kwastan da Faransanci, yau ofishinsu ne ya gagare su shiga.

Waje ma haka abin yake. Sagnarigu ta fita daga Tamale ta zama gundumar kanta a 2012, gidaje sun cinye gonaki, an buɗe gadar sama a 2022. Mai mota ya ji daɗi. Mai tafiya a ƙasa fa? Da an san Tamale da hanyar keke a gefen titi. Yau babura da yelo-yelo da motokin sun mamaye ta, kuma, mu faɗi gaskiya, har da teburan 'yan kasuwa irinmu. Gwata a buɗe, makaho da sandarsa sai ya sauka kan kwalta. Dokar naƙasassu ta 2006 ta ba masu gine-ginen da jama'a ke shiga shekara 10 su gyara. Wa'adin ya cika tun 2016. Mu kuwa bayan haka muka je muka kama bene da kanmu.

Me ya kai mu? Don a ce ƙungiya ta girma, a hangi allonmu daga titi. Mu a ofis muna cikin waɗanda suka fi zuga abin, ba za mu ɓoye ba. Alhali lokacin da aka rufe boda ga matafiya, daga Maris 2020 zuwa Maris 2022, kan benci muke zama ƙarƙashin bishiya. A nan ake sasanta bashi, a nan ake jin wanda jarinsa ya karye, a zuba masa daga adashi. Ba mai zuwa da babbar riga don a gan shi. Yanzu muna da fanka da kujerun roba, amma waɗanda suka san wane dillali ne mai amana a Wagadugu suna zaune a gida.

Ga roƙonmu. Hayar benen za ta ƙare bayan damina, kada a sabunta. A nemi ɗaki a ƙasa mai ƙofa da faɗi, a rufe gwatar gabansa, a zuba gangaren siminti. Duk memban da teburinsa ya hau hanyar keke ya ja shi baya, kafin mu samu bakin rubuta wa Asambile takarda kan sauran.

Ciyaman ya yarda a ɗaga hannu a kai bayan la'asar, nan tsakar fili. Mun tura yelo-yelo biyu su ɗauko dattawan.